HAWAN SALLAH A KANO: ME MUKE ZUWA NEMA A BAKIN HANYA?



Ranar Hawan Daushe na shekarar da na shiga aji uku a firamare, gwaggona ta riƙe hannuna tun daga ƙofar gidanmu har Ƙofar Kudu, ba ta sake ni ba sai da muka sami gurbi a jikin wata katanga. Tun bayan azahar muke tsaye har rana ta yi ja. Ƙura ta ɓata mini sabuwar atamfata, takalmina ɗaya ya tsinke a turmutsitsi, ƙishirwa kuwa ba a magana. Shi kuwa Sarki, marigayi Alhaji Ado Bayero, duka-duka ganin da na yi masa bai wuce ƙiftawa da bismilla ba: laima tana juyawa, rawani mai kunnuwa biyu, hannu a ɗage, shi ke nan ya wuce. Da muka koma gida kakata ta ce, "Kin ga Sarki?" Na ce, "Na gan shi, Iya." Ta ce, "To, kin yi Sallah."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Me zai sa mutum mai hankali ya bar inuwar ɗakinsa da tuwon Sallarsa, ya je ya tsaya a rana domin kawai ya ga wani yana wucewa a kan doki? Dokin ba nasa ba, rigar ba tasa ba, kuma ko sisi ba za a ba shi ba. Amma ɗaruruwan shekaru ke nan Kanawa suna yin haka, iyaye suna ɗora 'ya'ya a kafaɗa kamar yadda su ma aka ɗora su. Abin da ya sa na ɗauko alƙalami a kan batun shi ne, a 'yan shekarun nan an yi Salloli da dama ba a hau ba, har yaran da ke tasowa a gidajenmu sun fara ɗauka Sallah ita ce cin nama da danna waya. Saboda haka bari mu waiwaya baya, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Asalin hawa dai shirin yaƙi ne. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka buga da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ke nan 'yan lifidi da 'yan sulken da muke gani a hawa, waɗanda yara suke yi wa dariya saboda sun yi ƙato-ƙato kamar an naɗe su da katifa, kayan da ke jikinsu sun haura shekara 600 a ƙasar nan. A wancan zamani ba ado ba ne, abin tare kibiya ne.

Amma wanda ya ba hawan fasalinsa shi ne Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. Shi ne ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano. Shi ya fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage, kuma a zamaninsa aka fara sallar Idi a Shadakoko. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya sauka a Kano, har ya rubuta masa littafi a kan yadda ya kamata sarki Musulmi ya riƙe jama'arsa. To, ka ga an haɗa abu biyu a rana ɗaya: ga sallar Idi da take tara Musulmin birni da ƙauye a fili guda, ga kuma Sarki da yake son ya ga yawan dawakinsa da mayaƙansa. Duk mai sarautar da ke riƙe da ƙasa sai ya zo da mutanensa ya wuce ta gaban Sarki. Wanda ya zo da dawaki masu ƙiba da barade masu yawa, an san yana nan daram. Wanda bai zo ba kuma, an san akwai magana. Jahin nan da ake yi, a sako dawaki a guje kamar za a take Sarki sannan a ja linzami a yi jinjina, ma'anarsa ke nan: ga mu, ga makamanmu, kuma naka ne.

Abin mamaki shi ne yadda hawan ya tsallake duk guguwar da ta taso wa Kano. Jihadi ya zo ya kawar da sarautar Haɓe, aka kori Sarki Alwali, kuma masu jihadin da farko ba su da sha'awar adon fada. Amma da Ibrahim Dabo ya hau a 1819, ya tarar da ƙasa tana neman wargajewa da tawaye, sai ya dawo da sarautu da al'adun fada da yawa na tun zamanin Rumfa, domin ya lura da su mutane suka san mulki. A Fanisau, inda yake da gida kuma ya kafa sansanin yaƙi da Ɗan Tunku, Baturen nan Kilafatan ya same shi a 1824, kuma can ne ake zuwa Hawan Fanisau. Bayan haka aka yi Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893, jikokin Dabo suka zare wa juna takobi, gari ya rabu biyu, aka zubar da jini mai yawa kafin Sarki Alu ya zauna. Hawan bai mutu ba. Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas, suka hana yaƙi da kamun bayi. A hankalce a nan ya kamata hawa ya ƙare, tunda dalilinsa na farko ya ƙare. Sai ma ya ƙara armashi.

Turawan da kansu sun ga amfaninsa. Kalmar daba da muke cewa hawan daba, daga Indiya suka zo da ita, inda suka saba tara sarakunan ƙasar a Delhi su yi wa sarautar Ingila mubaya'a. Gwamna Lugga ya tara sarakunan Arewa a Kano a farkon 1913. A 1925, zamanin Sarki Usman, aka yi wa Yarima mai jiran gadon Ingila gagarumar daba a Kano. A 1956 aka yi wa Sarauniya Elizabeth tata a Kaduna, haka kuma a 1977 lokacin bikin FESTAC. Waɗannan duk na baƙi ne da gwamnati. Namu na gida shi ne na Sallah, wanda ake yi sau biyu a shekara ko da baƙo ko babu.

Ga wanda bai san tsarin ba, ranar Sallah Sarki yakan taka da ƙafa zuwa Idi a Ƙofar Mata, in an idar ya hau doki ya ratso gari ya koma fada, ya yi wa jama'a jawabi. Washegari da yamma Hawan Daushe. Masu ba da tarihin baka suna cewa Daushe wani bafade ne da rashin lafiya ta hana shi hawan Sallah, ya roƙi Sarki a sake hawa domin shi ma ya samu, aka yi masa, abin ya zauna. A wannan hawa ne Sarki yake zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, ya zaga unguwannin cikin birni, a ƙare da jahi a Ƙofar Kudu. Rana ta uku Hawan Nasarawa, wanda ya samo asali a zamanin Turawa, lokacin da Sarki yake fita bayan ganuwa ya gaida Razdan. Bayan mulkin kai sai abin ya koma Gidan Gwamnati, daga nan a biyo ta Sabon Gari da Fagge a dawo gida. Sai kuma a rufe da fita Ɗorayi ko Fanisau. Mai karatu, dubi wannan jeri da kyau: an fara da Ubangiji, aka bi da uwa, sannan hukuma da baƙi, sannan mutanen karkara. Babu wanda aka bari a baya.

To, wannan duk ribar Sarki ce da hakimai. Ina ribar gwaggona da ta tsaya a jikin katanga?

Ta farko ita ce zumunci, kuma da idona na gani. Hakimi ba ya shigowa birni shi kaɗai. Yana zuwa da dagatai da masu unguwanni da barori da makaɗa, su kuma kowa yana da ɗan'uwa ko suruki ko tsohon abokin karatun allo a cikin gari. Gidanmu ba gidan sarauta ba ne, amma duk Sallah sai an shimfiɗa tabarmi a soro saboda mutanen ƙauyen kakana, suna zuwa da gero da zabi da man shanu, suna komawa da turmin atamfa da sabulu da labarin birni. A nan ake jin wa ya rasu, wa ya haihu, 'yar wa ta isa aure, ɗan wa yake neman wurin koyon sana'a. Yara nawa ne aka bari a birni bayan Sallah suka zama teloli da 'yan kasuwa a Kwari? Allah kaɗai ya sani.

Duk gidan da yake kan hanyar Sarki kuwa, ranar hawa ba na masu shi ba ne. Kowa sai ya tuna yana da dangantaka da gidan, a cika bene da saman soro. A danginmu akwai wasu 'yan'uwa mata biyu da rabon gado ya shiga tsakaninsu, suka shekara huɗu ko gaisuwa babu. Manya sun yi sulhu har sun gaji. Ita babbar gidan aurenta yana kan hanyar Daushe. Wata Sallah 'ya'yan ƙaramar suka tasa ta da kuka sai an kai su kallo gidan Umma, ta rako su da niyyar ta tsaya a zaure ta juya. Yayar ta leƙo daga sama ta ce, "Ke, hawo mana, 'yan bindiga sun taho." Shi ke nan. Ba wanda ya ba wani haƙuri, ba a tada maganar gado ba, amma da magariba tare suka ci tuwo. Abin da zaman sulhu ya kasa, taro ya yi shi, domin taro yana ba mutum hanyar saukowa ba tare da an ce ya sauko ba.

Ta biyu ita ce sana'a. Kafin doki ɗaya ya fito a yi masa tafi, hannu nawa ne ya taɓa shi? Akwai baduku da ya yi sirdi da ragama, akwai maƙerin da ya ƙera linzami da likkafa, akwai mai ɗinkin jalala. Shi mahayin, rigarsa aska takwas wani ne ya zauna wata da watanni yana ɗinka ta da allura, wani ya rina rawaninsa, wani ya buga shi har ya yi ƙyalli. Je ka Kurmi ana saura mako biyu Sallah ka ga yadda ake ciniki. Da yawa daga cikin waɗannan sana'o'i, in ba don hawa da angwanci ba, da tuni sun bi sahun saƙar tsakiya da kaɗin auduga. Sannan ga masu harawa da dusa, masu ba da hayar dawaki, masu hoto, 'yan Adaidaita Sahu, da matan aure da suke cikin gida suna ƙulla zoɓo da kunun aya suna ba yara su kai bakin hanya. Na san bazawarar da kuɗin makarantar 'ya'yanta na zango guda daga cinikin kwana huɗun nan yake fitowa.

Ta uku, kada mu yi wa juna ƙarya, ita ce ganin juna tsakanin samari da 'yan mata. Mu marubuta mun sha haɗa jarumi da jaruma a wajen kallon hawa, har masu sharhi suna yi mana dariya wai ba mu da wata dabara. Ai ba mu muka ƙirƙiro ba, a gari muka tsinta. A al'ummar da yarinya ba ta fita sai da dalili, ranar hawa ce ranar da take fita da izini, cikin ƙawayenta da ƙannenta, da kitso da lalle, a gaban idon kowa. Saurayi ya gani, ya bi a hankali ya gane gida, bayan Sallah ya turo. Tambayi iyayenmu mata, za ki sha mamakin yawan auren da ya faro daga nan.

Ta huɗu ta fi sauran nauyi. Talaka ba ya shiga fada, ba ya shiga Gidan Gwamnati. Amma ranar hawa mulki ne yake fitowa ya biyo ta ƙofar gidansa. Ya ɗaga hannu ya yi jinjina, Sarki ya ɗaga nasa, dogarai su ce an gaishe ku. Wani zai ce wannan ai ba ya cika ciki, kuma gaskiya ne. Sai dai mutum yana son a san da zamansa. Kuma jama'a suna da tasu hanyar yin magana a ranar. Hakimin da yake zaune lafiya da mutanensa, in ya wuce za ka ji guɗa da kirari. Wanda ba ya yi kuwa, sai ya wuce a ji shiru sai ƙarar kofato, kuma ya san abin da shirun yake nufi. A Hawan Nasarawa Sarki yakan tsaya gaban Gwamna ya faɗi koken jama'a, ko ruwan sha ne ko taki ko tsadar abinci, a gaban 'yan jarida.

Haka nan bin da ake yi ta Sabon Gari ba ƙaramin abu ba ne. Unguwar ta kafu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ware ta domin baƙi daga Kudu. Ta ga tashin hankali a 1953 da 1966 da 1991, kuma kowa ya san abin da ya faru. Duk da haka, in Sarki ya biyo, za ka ga Inyamurai da Yarabawa sun fito da iyalansu, shugabanninsu sun yi ado sun zo gaisuwa. Yaron da aka haifa a Sabon Gari ya ga Sarkin Kano ya ɗaga wa babansa hannu, da wuya a gaya masa shi ba ɗan gari ba ne ya yarda.

Ban ce hawa ba shi da aibu ba. Dawakin da kakanninmu suka yi wa tafi, da harajin talaka aka ciyar da su, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da linzamin bayi ne da aka kamo daga garuruwansu. 'Yan NEPU, mutanen Malam Aminu Kano, ba su ɓoye wannan ba a shekarun 1950, kuma sun sha ɗauri a kai. A zamaninmu kuma ga 'yan daba da suke fakewa da taro su rama tsohuwar gaba, ga masu yankan aljihu da ƙwacen waya, ga yaran da ake ɗorawa a kan doki ba su iya ba su take mutane. Akwai magidancin da zai ci bashi ya yi wa doki kaya alhali gidansa babu hatsi. Duk wannan gaskiya ne. Amma maganin ɓarawo a kasuwa ba shi ne a rufe kasuwa ba.

Ga shi kuwa mun ɗanɗana rufewar. A 2012, shekarar da aka kai wa Kano mummunan harin bama-bamai a watan Janairu, an yi Sallah ba a hau ba. A 2020 annobar korona ta hana. Waɗannan kowa ya fahimta, lalura ce. Wanda ya fi ciwo shi ne na baya-bayan nan. A 2019 aka raba masarautar Kano gida biyar, a Maris na 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na biyu aka naɗa Alhaji Aminu Ado Bayero, a Mayun 2024 kuma wata gwamnatin ta soke waccan doka ta dawo da Sanusi. Aka wayi gari ɗaya yana Gidan Rumfa, ɗaya yana gidan Nasarawa, magana tana kotu. 'Yan sanda suka hana hawa a Babbar Sallar 2024, suka sake hanawa a Sallolin 2025, domin gudun kada magoya baya su haɗu a hanya. Abin da zai ba ka dariya ya kuma ba ka haushi, a Disambar 2024 ɗin nan ne hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su. Duniya tana yi mana barka, mu kuma dawakinmu suna ɗaure a turke.

Ni ba 'yar siyasa ba ce, kuma ba ni da ta cewa a kan wa ya cancanta. Duka biyun jinin Dabo ne, kuma Kano ta taɓa ganin abin da rabuwar gidan nan ta jawo a 1893. Abin da na sani shi ne wanda ya yi asara. Manya ba su rasa abincin dare ba. Badukun da ya sayi fata da bashi shi ya kwana da kayansa. Bazawarar nan ta nemi kuɗin makaranta a wani wurin. Mutanen ƙauyen kakana suka bugo waya suka ce tunda babu hawa sai wata Sallar, kuma a tsakanin nan biyu daga cikin tsofaffinsu sun rasu ba mu gana ba. Zumunci a ƙafa yake, ƙafa kuma tana son dalilin fita.

A Ƙaramar Sallar 2025 'yar autata, mai shekara bakwai, ta sha kitso da lalle ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Mama, ina za mu?" Na rasa amsar da zan ba ta. Na ɗauko waya na nuna mata hawan shekarun baya, ta kalla kaɗan ta ce ita wasan yara take so a sa mata. Ban ga laifinta ba. Waya ba ta kawo ƙanshin turare da ƙura, ba ta kawo girgizar ƙasa in dawaki sun sako, ba ta sa ƙirji ya buga in 'yan bindiga sun saki wuta. Balle ta sa baƙuwar da ba ki taɓa gani ba ta matsa miki wuri a jikin katanga, ta miƙo miki ruwanta ki sha.

Roƙona ga masu iko, na fada da na gwamnati, shi ne duk rigimar da za a yi a tuna cewa hawan nan ya girmi kowa a cikinsu, kuma masu tsayuwa a bakin hanya suna da haƙƙi a cikinsa kamar masu hawa. Mu kuma iyaye, duk Sallar da aka hau, mu daure mu riƙe hannun yaranmu mu kai su, ko da takalmi zai tsinke.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Kano da ƙasa baki ɗaya lafiya, ya maimaita mana. Wassalam.